Hasumiyar da Ke Karkace a Bangon Ɗakina

Ditroit, 1998

Yaya Wafika,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya mutanen Mosul?

Ni lafiya lau. Bayan nan ne ke ɗan taɓa ni saboda ɗaukar kaya, amma kada Inna ta ji.

Tsohon hoton hasumiyarmu da Baba ya sa a firam yana rataye a ɗakina. Jiya Kowalski, mai gidan da nake haya, ya karkata firam ɗin wai don hasumiyar ta miƙe. Na ce, "Dattijo, bar ta. Tun kakanninmu take a karkace, ba ta faɗi ba."

Ya dubi tsayuwata, ya mayar da hoton yadda yake.

Ki aiko min da man zafi a ɓoye. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Zannun