Geron da Ke Yin Ruwa

Yamai, Yuni 1985

Yaya Raliya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, yaya mutanen Ollelewa? Ina lafiya. A gidan teyatur da nake aiki nake kwana. Sauro ne kawai, kuma mun fara sabawa.

Aikina a bayan labule yake. In wasa ya kai wurin hadari, sai in girgiza kwanon rufi ya yi tsawa, in zuba gero a faranti, 'yan kallo su ji ruwa na sauka.

Na ji yunwa ta sa kun cinye iri. Da wasan ya ƙare na roƙi geron, ga shi na ba Dodo direba. Kada ku daka shi. Ya sha yin ruwan ƙarya a nan, Allah ya ba shi na gaskiya a gonarmu.

Ƙanenki,
Attahir