Fatihar da Yakubu Bai Miƙe Mata Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kulob ɗinmu,
Umdurman.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina fatan kai da iyali da 'yan kwamitinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara maka girma da lafiya, amin.

Sunana Sale, amma a bakin filin wasa Baffa mai agashe aka san ni. Ni ne mai teburin nama a gefen ƙofar da motarka take shiga, kuma ka sha aiko direbanka ya sayo maka, ba yaji da yawa. Ni ƙanen marigayi Malam Garba ne na Umbadda, wato baffan Yakubu, golanku da kuka dakatar. Na yi ta zarya ofishinka mai gadi yana cewa ba ka nan, alhali ina hango motarka a inuwa, shi ya sa na fito fili. Da Hausa na rubuto domin in na shiga Larabci ladabi yakan yi mini yawa, in kasa kaiwa ga maganar. Direbanka zai juya maka, ɗan unguwarmu ne, ko da yake a gabanka yakan yi kamar bai taɓa jin Hausa ba. Allah ya sa ban ja masa ba.

Ranka ya daɗe, tun farko in gaya maka gaskiya: ban zo in ce Yakubu ya yi daidai ba, ban kuma zo in ce ya yi laifi ba. Wallahi ban sani ba. Kaina ya ɗaure tun ranar da abin ya faru, har yau bai kwance ba. Abin da na sani shi ne kun ce in bai je ya ba da haƙuri ba kafin a rufe rajistar 'yan wasa za ku sallame shi, kuma duk mun san kulob ɗin da zai ɗauki yaron da manya suka yi fushi da shi ba a kafa shi ba tukuna.

Na farko, asalin maganar. A damina wancan babban ɗan siyasa, wanda ba sai na kama suna ba, ya hau mumbari a wani taro ya ce akwai mutanen da kakanninsu suka taho a ƙafa za su Makka, suka gaji suka zauna, yanzu kuma jikokinsu na neman a raba gadon ƙasa da su. Mu Hausawa yake nufi. Ya ce hanyar Makka har gobe a buɗe take. Aka yi dariya, aka yi tafi, rediyo ya watsa. Yayana yana kwance a kan gado lokacin, ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa. Mutumin da aka haifa a Jazira, wanda tun bai kai tsawon itacen auduga ba yake tsintar ta. Ya yi mini alama da hannu in kashe rediyon, daga ranar kuma bai sake neman a kunna ba, ko don wasan ɗansa.

Samarin unguwa suka yi ca a kan Yakubu. Wai shi ne namu da duniya ta sani, shi 'yan jarida ke bi, ya fito ya ce wani abu. Ya ce musu shi ƙwallo aka ɗauke shi ya kama. Suka kira shi matsoraci, suka kira shi bawan Larabawa, har aka rubuta masa zagi da gawayi a katangar gida. Ni ne na tsaya masa a lokacin. Na ce musu tun da sojoji suka hau, wa ya buɗe baki ya kwana lafiya? Na ce ɗan wasa ba ɗan majalisa ba ne, a bar yaro ya nemi abincinsa. Da bakina na faɗa, kuma har zuciyata.

Na biyu, ranar makoki. Nan kai shaida ne, tun da kai ka rako baƙon, wato ɗan siyasar nan. Ka san al'adar ƙasar nan fiye da ni: mai ta'aziyya in ya shigo rumfar makoki sai ya tsaya ya ɗaga hannuwa ya ce Fatiha, wanda aka yi wa rasuwa kuma ya miƙe ya ɗaga nasa, su karanta tare. Ko da wanda kuka yi shari'a jiya ne, miƙe masa ake. Yakubu ya wuni yana tashi yana zama, ya miƙe wa masu raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya miƙe wa golan kulob ɗin da kuke gaba da su, har wani mahaukacin unguwa da ya shigo ya fita ya sake shigowa, duk ya miƙe masa.

Bayan la'asar sai ga motoci, sai ga mai ɗaukar hoto ya riga kowa shigowa, sai ga ku. Mutumin ya nufi Yakubu kai tsaye, ya tsaya a gabansa ya ɗaga hannuwa. Rumfa gaba ɗaya ta miƙe. Yakubu yana zaune a kan tabarma, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon takalmin mutumin. Na zungure shi da ƙafa, ko motsi. Na sake zungurinsa. Subhanallahi! Babban mutum tsaye, hannu a sama, ba mai karɓa. Ban san lokacin da na shiga tsakaninsu na ɗaga nawa hannuwan ba. Na karanta Fatiha da shi, na ce masa Allah ya ba da lada, ya juya ya fita bai sha ko shayi ba. Talabijin bai nuna ba, amma kafin a yi sallar magariba hoton yana yawo a wayoyin mutane daga Umbadda har Kalakla.

Na uku, abin da kulob ya yi. Jarida ta buga cewa Yakubu ya ji rauni a kafaɗa. Ranka ya daɗe, kafaɗar da ta ɗauki makarar ubansa har maƙabarta ba a karɓe shi ba? Lafiyarta lau. Sannan aka hana shi shiga filin atisaye, kiran da aka yi masa zuwa ƙungiyar ƙasa kuma ya bi ruwa, ba wanda ya ƙara ambatonsa. Daga ƙarshe sakatarenka ya zo gida, ya zauna a tabarmar da ba mu ma naɗe ba, ya ce sharaɗin ɗaya ne: Yakubu ya je gidan mutumin, ya sumbace shi a ka a gaban masu hoto, shi ke nan komai ya wuce.

Na huɗu, kuma nan ne nake neman ka taimake ni da fahimta, don ni ta gagare ni. Limaminmu, wanda shi ma maganar rediyon ta ƙona masa rai, ya ce Yakubu ya yi kuskure. Ya ce Fatiha ba ta mai kawo ta ba ce, ta mamaci ce, duk wanda ya ƙi karɓa ubansa ya hana. Na ji wannan na ce gaskiya ne. Ina fitowa masallaci na haɗu da Hajiya Ladi, matar marigayin, ta ce mini wanda ya ce mijinta ba ɗan ƙasa ba ne yana raye, me ya zo nema a kan gawarsa da mai hoto? Na ji wannan ma na ce gaskiya ne. To ina zan sa kaina?

Samarin da suka zage shi jiya su ne yau suka goge gawayin suka rubuta "zaki" a wurin. Suna so ya fito ya yi jawabi, wasu har suna zancen a buga hotonsa a riguna. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa: ba ɗayansu da zai sayo wa Hajiya Ladi magani, ko ya biya wa ƙannensa makaranta, in albashin ya tsaya. Su ɗin dai suka laƙaba mini "Baffa Fatiha". In na wuce da teburina sai wani ya ɗaga hannuwa, sauran su fashe da dariya. Ni, da furfurata! Abin da ubana ya koya mini na yi, na rufa wa gida asiri, na hana a ce 'ya'yan Garba ba su da tarbiyya. Amma in na kalli hoton nan a waya, na ga yaro zaune, ni kuma tsaye ina rawar jiki gaban mutumin da ya ce mu kama hanyar Makka, wallahi kunya nake ji. Kuma da za a maimaita, na san sake miƙewa zan yi. Ka ga irin ruɗanin da nake ciki.

A bakin teburina ma haka. Wani Balarabe da ya daɗe yana sayen namana ya zo ya riƙe hannuna, ya ce ma'alesh ya Hajj, wato haƙuri Alhaji, ɗanku namiji ne, ba dukkanmu muka yi tafi ba. Wani kuma da muke wasa da dariya kullum yanzu wucewa yake kamar bai ga hayaƙina ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan. Filin nan shi kaɗai ne wurin da na taɓa ganin ba a tambayi ɗanmu asalinsa ba. Ranar da ya kaɗe bugun fanareti a wasan hamayya, wani ƙato da ya saba kiranmu Fallata da gatsine shi ne ya rungume ni yana kuka, har ya kifar mini da yaji. Na ce a raina, in dai akwai wurin da ya kamata a bar siyasa a waje, to nan ne. Yanzu ina tsoron ko kun mayar da shi, rabin 'yan kallo su riƙa ganin Bahaushe a raga maimakon golansu.

To amma sai in sake tambayar kaina: wa ya shigo da siyasar? Sakatarenka ya ce ɗan wasa ba ruwansa da siyasa, ni ma haka na ce a baya. Amma na sha gani da idona ana jera yaran nan a rana su gaisa da manya kafin wasa, ana kwasarsu a bas a kai su taro su zauna a layin gaba. In sun miƙe, ba siyasa ba ce, sai in sun zauna? Yaron nan ya yi shiru lokacin da unguwa ke zaginsa, bai je jarida ba, bai hau mumbari ba. Yana zaune a ƙofar gidan ubansa aka kawo masa abin har kan tabarma. Ka yi mini afuwa, ranka ya daɗe, amma kai ka kawo.

Na tambayi Yakubu da kansa. Na ce ɗana, gaya mini, niyya ka yi ko kuwa? In niyya ce in san abin da zan gaya wa mutane, in kuma ruɗewar mutuwa ce in je in faɗa wa Shugaba a wuce wurin. Sai ya ce, "Baffa, na so in tashi. Na tuna hannun Baba yana cewa a kashe rediyo, sai ƙafafuna suka ƙi." Iyakar abin da na samu daga bakinsa ke nan. Ku masu ilimi ku gaya mini ko wannan shi ake kira siyasa. Kullum da asuba yana fita shi kaɗai bayan gari yana buga ƙwallo a jikin wata katanga yana kamawa. Bai ce zai je ba da haƙurin ba, bai ce ba zai je ba, rajista kuwa tana ta matsowa.

Yayana da farko ba ya son ƙwallon nan, ya sha dukansa a kanta. Da ya ji an fara zancen ƙungiyar ƙasa ne ya sauko. Ya taɓa ce mini burinsa ɗaya, ya ga ɗan Garba tsaye da tutar ƙasar nan a ƙirji ana taken ƙasa, ko da a talabijin ɗin maƙwabta ne. Bai gani ba. Yanzu ban sani ba, da zai iya magana, cewa zai yi yaron ya je ya sunkuya don ya sa rigar, ko cewa zai yi rigar da sai an sunkuya ake sa ta a bar musu kayarsu. Na zauna da shi tsawon rayuwata, amma wannan amsar ban san ta ba.

Saboda haka ga roƙona. Da farko ku janye maganar kafaɗa. In hukunta shi kuke yi, ku faɗi laifinsa da sunansa, mutane su auna. Sannan ku bar shi ya koma atisaye, ku sa sunansa a rajista. Ba a kan zama a tabarma kuka ɗauke shi ba, kuma a raga bai taɓa ba ku kunya ba.

Roƙona na ƙarshe: in dole sai an haɗu, to kada ya zama a falon kowa, kada kuma a zo da mai hoto. Sadakar arba'in ta kusa. In da gaske Fatihar ce ta kawo mutumin nan, har yanzu Garba yana bukatarta. Ka rako shi maƙabartar unguwarmu da safe, ku biyu. Zan kawo Yakubu ko da jansa zan yi. Ban yi maka alkawarin zai ɗaga hannu ba, ni dai ka san zan ɗaga. Kabarin ba wuyar ganewa: yana kusa da na mahaifiyarmu, ita kuma tana kusa da tata uwar, wadda ta taho a ƙafa. Babban mutumin ya zo ya gaya musu da bakinsa cewa hanya a buɗe take.

Allah ya ja zamaninka, ya ba kulob ɗinmu nasara, ya haska maka abin da ni ya shige mini duhu. Allah ya jiƙan magabatanka da namu. Ranar da za a kafa rumfa a ƙofar gidanka, bayan tsawon rai, Allah ya sa duk wanda ya shigo ya ɗaga hannu, 'ya'yanka su iya miƙe masa da zuciya ɗaya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sale mai agashe, baffan Yakubu,
Umbadda.