Tsumma a Jikin Kilifa

Litinin, 3 ga Maris
An sallamo Baba daga asibiti. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo (shi ya riga kowa), hannun dama kuwa shiru. Mai aski babu hannun dama! Amma wai kafin wata ya ƙare zai buɗe shago. "Komai sa kai ne, 'yar nan." Maganarsa ke nan tun ina yarinya. Ita ya faɗa mini da na faɗi jarrabawar makarantar koyon jinya, shekarar da Mama ke kwance, ina girki, ina wanki, ina karatu a tsaye. Wai ban sa kaina ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na gaji. Bayana kamar an daka.

Asabar, 15 ga Maris
Kullum da safe sai ya ɗauki kilifar aski, ta suɓuce, ya ɗauka, ta suɓuce. Yau ta faɗi ta fasa madubin falo. Ya zauna yana kallon hannun kamar na aro. Maganar ta zo mini har bakin leɓe: to Baba, sa kai mana. Allah ya taimake ni na haɗiye. Na share fasasshen madubin ina jin haushin kaina da nasa.

Talata, 18 ga Maris
Ya daina gwadawa. Ko rediyo bai kunna ba. Na ɗauka ranar da zai yi shiru zan huta, ashe tsoro zan ji.

Laraba, 26 ga Maris
Ina ba shi abinci na lura cokali mai kauri ba ya faɗuwa, siriri ne ke faɗuwa. Yatsun ba sa rufewa duka, shi ke nan. Na yage tsohon tawul na naɗe jikin kilifar, na ɗaure da roba. Ya harare ni, wai na mayar masa da kayan aiki majinyaci. Sai da na yi ta yi da shi kafin ya karɓa. Ta zauna a hannunsa.

Lahadi, 30 ga Maris
Yaya ya ba da kansa aka yi gwaji. Askin ya karkace, ƙeya kamar gonar da akuya ta shiga, amma an gama. Baba ya haɗa gumi sharkaf, bai tsaya ba. Wannan kam ba tsumma ba ne, shi ne.

Ina share gashi Baba ya ce, bai kalle ni ba, "Ke a lokacinki ba wanda ya naɗa miki komai." Na ce ya ɗaga ƙafa zan share.

Litinin, 31 ga Maris
An buɗe shago, rabin yini. Da zan dawo na bi ta gaban makarantar jinyar nan, ba hanyata ba ce. Na tambayi mai gadi yaushe ake jarrabawa. Tambaya kawai na yi. Yaya ya ce zai riƙa zama da Baba da yamma, ban ce masa a'a ba.