Buhu na Goma Sha Biyu

Maigatari, 9 ga Mayu, 1956

Zuwa ga uwargidana Rakiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da Iya. Tunda kin ci jarrabawar yaƙi da jahilci har kina hana mu sakat da takardar shaidarki, to, ga aiki ya samu, ki karanta da kanki.

Dawowata Gumel ba ta wannan mako ba ce. Kin san tsohuwar rumfar fatun nan ta kamfani da ke bayan kasuwar shanu, wadda Turawa suka bari shekara huɗu ke nan? Iska ta yaye kwanonta, awaki suka shiga, bakwai suka mutu a yini ɗaya. Da na leƙa na tarar da buhu goma sha biyu na wani farin gari da ake jiƙa fatu da shi don kada ƙwari su ci. Likita ya aiko cewa abin da bai cika cokali ba zai kashe ƙato. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kamarsa ɗaya da dakakkiyar kanwa, ga rijiyar unguwa taku arba'in daga wurin, ga hadari kullum yana haɗuwa a gabas.

An ba ni lebura takwas. Muna haƙa rami mai zurfi can nesa da gari, kowa ya ɗaure hanci da baki da tsumma. Ni da nake duba-gari, mai ci wa mata tara a kan kwatami, yau ga ni da shebur. Gobe Alhamis kasuwa, na rubuta wa mai shela abin da zai faɗa don mutane su nisanci wurin.

Ki gaishe da Iya. Naki, Nata'ala.

Maigatari, 12 ga Mayu, 1956

Rakiyya,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin 'yarmu Hasanatu ya sauka. Ni jikina lafiya, amma raina a ɓace yake, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da kaina.

A takardar shela na rubuta cewa akwai maganin fata a rumfar, kada kowa ya taɓa. Haka 'yan fatu suke kiransa, haka ni ma na saba ji, ban tsaya na yi tunani ba. Mai shela ya zaga kasuwa yana faɗa da ƙarfinsa. Mutane kuwa suka ji magani, suka ji fata, suka ce ashe maganin ƙazwa da makero ne hukuma take rowa. Muna can bakin rami, kafin azahar an ture shingen ƙayar da na sa, an farke buhu biyu, ɗaya kuma ya yi ƙafa gaba ɗayansa.

Na karɓi gangar daga hannun mai shela na shiga kasuwa da kaina ina cewa guba ce, guba ce, har muryata ta dushe. Limami ya maimaita ranar Juma'a, ya ce kowa ya mayar ba za a tambayi sunansa ba. Mun ajiye tulu a ƙofar masallaci, aka yi ta kawowa a ƙulle cikin ganye da tsumma. Wata tsohuwa, Murja, ta riga ta kwaɓa za ta shafa wa jikarta, maƙwabciya ta riƙe hannunta.

Mun binne goma sha ɗaya, mun kankare ƙasar rumfar kamu biyu, ita ma mun binne, mun ƙone tsummokinmu. Ramin na hana a rufe. Saura buhu ɗaya, kuma ban san bakin da zai shiga ba.

Ki sa ni a addu'a. Nata'ala.

Maigatari, 17 ga Mayu, 1956

Rakiyya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji saƙonki, na gode da kilishin, ko da yake ban iya ci ba.

Buhun ya dawo. Jiya da hantsi wani dattijon Bafulatani mai suna Bappa ya zo daga rugarsu ta wajen Sule Tankarkar, a ƙafa. Ashe ya zo kasuwa ran Alhamis ɗin da ta wuce, Hausarsa ba ta da yawa, kalma ɗaya ya tsinta a shelar, ita ce magani. Ya ga gari fari kamar kanwar da yake ba shanunsa, ya ce wannan ta Turawa ai sai ta fi kyau. Ya ɗora wa jakinsa ya tafi tun kafin in karɓi gangar. Shanunsa sun rame da rani, ya zuba musu a kwami duka, har da 'yan maruƙa.

Goma sha tara ne. Babu wadda ta kwana biyu. Da suka fara faɗuwa 'ya'yansa suka zaro wuƙa don kada su yi mushe, shi ya hana, ya ce naman da bai san abin da ya kashe shi ba ba zai shiga bakin mutane ba. Da bai hana ba, da yanzu ba shanu nake lissafa miki ba.

Buhun kuwa ya kakkaɓe shi, ya ninke shi huɗu, ya ɗaure da igiya. Ya durƙusa a gabana, mutumin da a shekaru ya haife ni, ya miƙo da hannu biyu. Ya ce ya ji hukuma tana neman kayanta, ya ɗauka ba izini, in yafe masa. Na karɓa na jefa a ramin, na sa aka rufe, da la'asar aka yi ruwan farko. Rijiya ta tsira, kowa yana yi mini barka.

Gobe zan bi shi rugar da leburori mu binne shanun. In mun gama zan zauna a gabansa in gaya masa wanda ya rubuta kalmar nan, don har yanzu yana zaton laifinsa ne. Kada ki sa rana da dawowata.

Ki shafa mini kan yara. Mijinki, Nata'ala.