Jan Ido a Hoton Manaja

Litinin, 3 ga Maris
Sabon filas na kyamara ya iso. A kan Manaja na fara gwada shi, 'yata ta fari. Shekararta biyu, amma in ta haye kujerata a shagon hoto sai wanda ta ga dama zai shigo. Hoto goma sha biyu, duk sun yi kyau. Sai dai farin ɗigon nan ya sake fitowa a idonta na hagu, kamar idon kyanwa. Minti biyu a kwamfuta na mayar da shi baƙi wuluk. Ba yabon kai ba, a layin nan babu mai gyaran ido kamata.

Alhamis, 6 ga Maris
Wata nas ta zo hoton fasfo. Ta leƙa kwamfuta ina shirin gyara wani hoton Manaja, ta ce, "Malam, tsaya, kar ka goge." Wai gobe in kai yarinyar asibitin ido. Na ce Hajiya, shekara goma sha biyar ina sana'ar nan, laifin filas ne. Ta ce to me ya sa filas ɗin bai taɓa yin laifi a ɗaya idon ba? Haushi ya kama ni.

Litinin, 10 ga Maris
A asibitin ido sun sa Manaja barci sun duba. Ciwon daji ne a can cikin ido. Na hagun sai an cire, don kar ya bi ya shiga kai. Na daman ma da ɗan ɗigo, amma likita ta ce za a iya ceto shi in ba mu yi wasa ba. Ta tambaye ni tun yaushe. Na buɗe mata hotunan asali, waɗanda ban taɓa ba. Wata huɗu. Wata huɗu ina shafa wa ciwon 'yata baƙin fenti ina jin daɗi.

Talata, 11 ga Maris
Mamanta ba ta ce mini komai ba. Da ma ta zage ni.

Laraba, 19 ga Maris
An yi tiyata. Muna zaune a benci muna jira, sai muka jiyo muryar Manaja tana yi wa wata nas faɗa a kan takalminta. Dariya ta ƙwace mana a tare, ni da mamanta, har mai shara ya tsaya kallonmu. Rabon da mu haɗa ido tun ranar Litinin ɗin can.

Asabar, 3 ga Mayu
Zagaye na biyu na maganin ciwon dajin. Gashi ya zube ƙarƙaf. Ta shafa kanta, ta shafa sanƙona, ta ce, "Baba, iri ɗaya." Yau ta cinye ayaba uku, ta huɗu ta ɓoye a jakar kyamara.

Talata, 17 ga Yuni
Mun je wurin mai yin idon roba, wani dattijo mai buroshi siriri kamar gashin gira. Na ce launin ya yi duhu, ya ce bai yi ba. Muka yi ta musu har mamanta ta taka mini ƙafa. Da aka saka, ashe shi ke da gaskiya. Manaja ta kalli madubi ta ce, "Nawa ne, kar a taɓa."

Alhamis, 25 ga Satumba
Idon dama ya tsira! Ɗigon ya bushe. Za a riƙa dubawa lokaci-lokaci, amma tana gani, za ta yi karatu da shi. Wallahi na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. A hanya ita ta fara hango akuya a tsallaken titi, ni da idona biyu ban gani ba. Kafin mu fito likita ta ce jan nan da filas ke fitarwa a idon yara, shi ake so a gani, alamar lafiyar ido ce. Jan da na yi shekara goma sha biyar ina yaƙi da shi.

Asabar, 4 ga Oktoba
Nas ɗin fasfo ta biyo ta layinmu. Na zaunar da ita a kujerar Manaja, mai kujerar ma ba ta hana ba.
An kawo jarirai uku ɗaukar hoto yau. Na lura ina daɗewa a kan idanunsu kafin in taɓa komai. Don ingancin aiki ne kawai.
Na wanke sabon hoton Manaja, babba, na rataye a saman tebur. Idon roba baƙi, na dama ja jawur. Mamanta ta ce, "Kai da gyare-gyarenka, ka manta wannan?" Na ce aiki ne ya yi mini yawa, gobe zan gyara.
Na riga na buga ƙusa huɗu a jikin firam ɗin.