Rijiyoyin da Ba Mu Nuna Ba

Zuwa ga yayana, Dadda Addi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Itto da yara duka, Ya sassauta maka tarin nan da ramin kwal na Faransa ya bar maka a ƙirji. Mu nan lafiya lau muke. Gwaggo Hadda ta warke daga ciwon gwiwa, bakinta kuwa dama bai taɓa yin ciwo ba. 'Yata Zahra ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata sunan mahaifiyarmu, har hancin ma ta kwaso. Dabino ya yi 'ya'ya bana fiye da bara, naka na bakin katanga sai da mijina Lahsen ya hau ya ɗaure shi saboda nauyi.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Na san halinka ne. A waya sai ka ce mini to, to, Allah Ya kyauta, ka miƙa wa Itto mu yi hirar tsadar mai. Wannan maganar ina so ka zauna da ita, ka karanta, ka sake karantawa, domin tsoro nake ji, Dadda, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ka ji labarin sabuwar dokar filaye. Abin da ta ce a taƙaice, duk wurin da aka samu gona ko kabari ko rijiya, na jama'ar wurin ne, ba mai taɓa shi. Inda babu ko ɗaya kuwa filin hukuma ne, tana iya buɗe shi ga masu motocin hawan yashi da baburan nan masu ƙafa huɗu, su yi ta wasansu. Bara ma'aikatan awon ƙasa suka zo, yara masu ladabi, ba zan yi musu ƙazafi ba. Suka zauna da dattawa a gidan Hammu, shugaban ruwa, aka zuba musu shayi, aka ajiye kuskus. Suka tambaya ko akwai wani abu namu a filin da ke tsakanin garin da dutse. Suka sake tambaya. Hammu ya shafa gemu ya ce wai ai can ko ƙadangare ya shiga sai ya riƙe guzuri. Aka yi dariya, sauran dattawa suka gyaɗa kai, Lahsen ma yana cikinsu. Ranar har murna suka yi, wai sun yi wa gwamnati wayo kamar yadda kakanni suka yi wa mahara.

Kai ka fi ni sanin abin da ke ƙarƙashin filin nan. Ruwan da muke sha, wanda dabinonmu ke sha, ta nan yake biyowa a cikin ramin da kakanni suka haƙa tun daga gindin dutse, rijiya bayan rijiya. Na kusa da gari a buɗe suke, kowa na gani. Na sama kuwa an rufe bakinsu da itacen dabino, an bi da yashi, don kada maƙiyi ya gano ya toshe. Kuma ka san rantsuwar da magajin kowane gida yake yi ranar da aka nuna masa su: in ya faɗa wa wanda bai rantse ba, Allah Ya yanke masa zuriya. To, yaran awo suka tafi da taswirarsu fara fat a wurin, hukuma ta buɗe filin, wani kamfanin yawon buɗe ido ya karɓa. Da an gama girbin dabino za a fara tsere.

Yanzu ga inda abin ya shigo ɗakina. Ɗana Ishu, wanda ka bari yana rarrafe, yau shi ne direban da kamfanin ya ɗauka ya riƙa jan ayari. Motarsa ce a gaba, sauran na bin sawunsa. Shi ya kafa jajayen tutocin da ke nuna hanya, ya bi inda ƙasa ta fi kwanciya, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Ranar da ya dawo yana ba mu labarin inda ya bi, Lahsen ya ajiye burodin da ke hannunsa ya fita. Daga baya ya ce masa ya bar aikin. Ishu ya tambayi dalili, uban ya ce wai aikin raina arziki ne, namiji ya zama jagoran masu ƙona mai a banza. Ishu ya yi dariya ya ce wai ai ba kuɗin dabino ne ya saya wa uban maganin ido ba, kuma in tsere haramun ne a gaya wa Hammu ya daina yi da jakinsa ranar kasuwa. Ka ga inda aka sa bawan Allahn nan: in ya yi magana, rantsuwa ta ci ɗansa, in ya yi shiru, ƙasa ta ci shi. Ɗa namiji kuma shi kaɗai gare mu.

Ku maza kuna ganin sirrinku a rufe yake. Wa ke wanke rigunanku in kun dawo da jar laka har wuya? Wa ke ganin inda kuka nufa da igiya? Babu matar garin nan da ba ta san akwai rijiyoyi a filin ba, mun dai bar ku ne ku ji daɗi. Ni ban rantse wa kowa ba, don haka na ja Ishu bayan gida na gaya masa. Fuskarsa ta canza. Na ce ya ajiye aikin, ya ce wai in ya ajiye, wani za a kawo daga birni wanda bai san komai ba, da matan mutane da 'ya'yansu a bayansa, shi kuma ya zauna a gida yana shan shayi? Ya je ofishin hukuma. Suka karɓe shi da mutunci, suka ce ko bakin rijiya guda aka nuna musu za su rufe hanyar, amma ba a soke izini da an ce an ce. Ya tambaye ni inda bakunan suke. Dadda, ban sani ba. Na san dai gefen da maza ke nufa, na nuna masa da hannu, na ce ya kauce wa wajen itatuwan ƙaya.

Washegari ya ciro tutocinsa ya matsar da su yamma, zuwa kwarin da ke gindin dutse, ya dawo da fara'a wai an huta. Da la'asar Lahsen ya hau soro shanya dabinon farko, ya hango tutocin a sabon wurinsu. Ina tsakar gida ina kallonsa. Ya daɗe a tsaye, kwandon na hannunsa ya karkace, dabino na zubowa bai sani ba. Da ya sauko ya kama hannun Ishu, abin da rabonsa da yi tun yaron na ƙarami, ya ce masa ya mayar da su inda suke da. Ishu ya ce ai can ɗin ne aka ce akwai ramuka. Uban ya ce ya sani, ya mayar da su dai. Ishu ya roƙe shi, ya ce in ba zai yi magana ba, to ya zo su taka filin tare, inda ya tsaya shi zai gane. Lahsen ya ce rantsuwar ta haɗa da baki da hannu da ƙafa. Ni na fahimci abin da ke cikin kwarin nan, kai ma ka fahimta: uwar rijiyar ce, wadda mahaifinmu ke cewa igiya biyu ba ta kai ƙasanta. Da hannuna na nuna wa ɗana hanyarta. Har yau tutocin suna can, don Ishu ya ce ba zai sake matsar da su a makance ba, kamfanin kuma ya ce ko nan ko can, da an gama girbi za a fara.

Na je wurin Hammu ba ko sallamar kirki. Ya tsufa a 'yan watannin nan, ya daina ba'a da ƙadangare. Ya ce rantsuwar tana warwaruwa, amma ta hanya ɗaya: magadan gidajen da suka yi ta su taru a ƙofar masallaci, a yanka rago, su ci a akushi ɗaya, kowa ya ce ya saki 'yan'uwansa. Duk sun yarda, saura gidanmu, kai kuma ne magajinsa tun rasuwar mahaifinmu. Na ce a kira ka a waya, a ajiye ta kusa da akushin. Ya ce wai murya ba ta cin nama. Na ce Lahsen ya ci a madadinka, ya ce suruki ba ya gadon rantsuwa. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba, ya sunkuyar da kai, amma bai canza ba.

Ba na raina rantsuwarku, ita ta tsare mana ruwa tun kafin a haife mu. Sai dai itacen da aka rufe rijiyoyin nan da shi, don ƙafar raƙumi aka sa shi. Tun da motocin gwaji suka fara zagaya filin, ruwan da ke fitowa a magudanar gari ya fara zuwa da yashi. Shekaranjiya ina wanki na tsinci wani guntun baƙin itace a cikinsa, na matsa shi da yatsa ya narke kamar jiƙaƙƙen burodi. Na kai wa Lahsen. Ya juya shi a tafin hannu, ya sa a aljihu, ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Na san ƙirjinka, na san nisan hanya, na kuma san ka ce ba za ka sake taka garin nan ba tun rigimar da aka yi da kai a kan katangar gona. Ban roƙe ka ka yafe wa kowa ba. Ka zo ka ci loma ɗaya ta nama, ka faɗi kalma ɗaya, in ka ga dama ka koma a ranar. Ragon yana nan na ɗaure shi a bayan gida.

Ka gaishe mini da Itto, ka ce man shafawar ya iso kuma ya yi amfani. Ka gaida ɗanka Yidir da matarsa, da 'yarka Mamma, da ƙaramar da ban taɓa gani ba. Gwaggo Hadda tana gaishe ka, ta ce wai in ka manta hanya ka tambayi jirgi. Lahsen bai san na rubuto ba, amma da ya sani da ya gaishe ka. Ishu ma yana gaisuwa. Jiya ya wanke motarsa, ya ce in aka fara zai sa ni a gaba in ga gari.

Allah Ya tsare, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. An fara sauke dabinon gonakin ƙasa, Dadda. Naka na bakin katanga na hana a taɓa shi, don muddin yana sama ba a ce an gama girbi ba, amma ya fara zubowa da kansa.

Ƙanwarka,
Tuda