Tsagar Jikin Sandar Tuta

Litinin, 3 ga Oktoba, 1955
Yau Malam Mailafiya, akawun tasha, ya karanta mana takarda. Reluwe ta fita daga hannun gwamnati kai tsaye, an kafa mata hukuma da dokokinta. A ciki har da gwajin ido ga duk mai ba jirgi hannu. Kowa na ta tambayar fansho, ni kuwa gwajin idon nake ta tunani.

Laraba, 5 ga Oktoba
Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki. Shekara ashirin da biyu ina riƙe tuta a mahaɗar layi, ban taɓa bambance ja da kore ba. Dukansu kalar ƙasa nake gani. Tsaga na yi da wuƙa a sandar jar tutar, babban yatsana ke gaya mini. Ko Dije, matata, ba ta sani ba.

Talata, 11 ga Oktoba
Likita bai ba ni tuta ba. Fitila ya kunna daga nesa. Babu abin shafawa. Na ce kore, ya rubuta. Na sake cewa kore, sai ya ajiye alƙalami.

Juma'a, 14 ga Oktoba
An karɓi kaki da tutocin. Mailafiya bai iya kallona ba, sai "Malam Jibrin, doka ce" yake ta maimaitawa. Dokar tana ina duk shekarun da ko akuya ban bari jirgi ya taka ba? Daga tasha har unguwarmu Mandawari a ƙasa na tako. A zaure na yi kuka, ni da furfurata.

Asabar, 29 ga Oktoba
Na gaya wa Dije. Ta ce, "Ashe shi ya sa kake sayo mini ɗanyen tumatir, Malam." Mun yi dariya, ba ta kai ciki ba.

Lahadi, 4 ga Disamba
Na raka Hauwa, 'yata, tasha, za ta koma Zariya da jaririnta. Na ce ba zan dubi wurina na da ba, sai ga ni ina duba. Sabon mutumin ya ɗaga tuta. Na matsa kusa da tagar jirgin inda take zaune na ce, "Hauwa, wacce ya ɗaga?"

Ta ce, "Koriya ce, Baba."

Jirgi ya ja da su. Hankalina a kwance yake, don ba ni ne a wurin ba. Wannan kam ba zan gaya wa Dije ba.